MU DUBA HALITTA: Jan Biri da Ƙuduji, Wane Ne Babban Ɓarawo?

Yanzu marka ta wuce, gero ya nuna a wurare da yawa, dawa tana fid da kai, masara kuwa an fara gasa ta a bakin hanya. Wannan shi ne lokacin da ɓarayin gona sukan fito. A wannan wata za mu ɗauki biyu daga cikinsu mu aza su a kan ma'auni. Ɗaya dabba ce mai doguwar wutsiya, ɗayan kuwa ɗan tsiro ne mai kyakkyawan fure. Watau jan biri, da ƙuduji, wanda waɗansu suke kira wuta-wuta, a waɗansu wurare kuma gaugai.

Ga abin da ya sa na zaɓi waɗannan biyu. Kowane malamin makarantar ƙauye ya san abin da yakan faru a watan Satumba da Oktoba. Da an kira suna da safe sai a ga benci ya yi giɓi. Ina wane? Ya tafi tsaron biri. Ina wance? Ita ma tana gona tana kaɗa gwangwani. Yaro yakan yi mako uku ko huɗu bai ga allo ba. Amma a cikin gonar nan da yake tsaro, a gindin dawar nan, akwai furanni masu ban sha'awa tsaye, ba mai ce musu uffan. Har 'yan mata sukan tsinke su su soka a kitso. To, bari mu bincika mu ga ko mun ajiye mai tsaro a ƙofar da ta kamata.

Jan biri

Birai iri iri ne a ƙasarmu. Akwai gwaggon biri mai dogon baki kamar na kare. Akwai kirka mai son itatuwan bakin rafi. Sa'an nan akwai jan biri, wanda ya fi son fili mai ciyawa da itatuwan ƙaya jefi jefi. Ana samunsa tun daga Senegal a yamma har zuwa Sudan da Uganda a gabas. A Nijeriya wanda ya je gandun dajin Yankari a Jihar Bauci yana iya ganinsa, haka kuma a dajin Waza a arewacin Kamaru. Bayansa ja ne kamar jar ƙasa, cikinsa da ƙafafunsa fari fari, babban namiji kuwa yana da farin gashin baki kamar dattijo. Namiji yakan kai kilo 12, mace kuwa wajen rabin wannan.

Yawancin birai, in tsoro ya zo, bisa itace sukan nufa. Jan biri ya fi dogara ga ƙafafunsa. Dogaye ne sirara kamar na karen farauta, yana kuwa iya gudun da ya kai kilomita 55 a awa ɗaya. A cikin dukan birai na duniya ba wanda ya kai shi gudu. Shi ya sa karen ƙauye yakan bi shi har ya gaji, ya komo yana haki.

Zamansu ƙungiya ƙungiya ne. A yawancin shekara babban namiji ɗaya ne a ƙungiya, sauran mata ne da 'ya'yansu. Matan ne suke jan tafiya. Shi namijin yakan ware gefe, ya hau suri ko kan itace yana dube dube, wani lokaci ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya domin ya ga bayan ciyawa. In ya hangi kare ko mutum, sai ya yi ta tsalle yana girgiza rassa domin ido ya koma kansa, matan da 'ya'ya kuwa su sulale. Da dare sukan warwatsu su kwana a itatuwa dabam dabam, ba su kuma cika kwana wuri ɗaya sau biyu a jere ba.

Abincinsa na asali a jeji yake: ƙaron itatuwan ƙaya, da 'ya'yan itatuwa, da tsabar ciyawa, da ƙwari irin su fara, da ƙadangaru, da ƙwan tsuntsaye. Amma in ya sami gona, lalle ba ya jin kunya. Yakan tone gyaɗa, ya karya masara ya gatsa sau biyu ya yar, ya karya wata. Yana da 'yar jaka a kowane kumatu inda yake cusa hatsi, ya tafi can nesa ya ci a hankali. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ko biri ya karye ya hau rumbu. Wanda gonarsa take bakin jeji ya san zafin wannan, kada kuwa mai gona a tsakiyar gari ya yi masa dariya.

Duk da haka ku riƙe abu uku game da shi. Da rana kaɗai yake ɓarna, gama da dare barci yake yi. Abin da ya ɗauka ana ganin wurinsa nan da nan. Haihuwarsa kuma kaɗan ce. Birinya takan ɗauki ciki wata biyar da rabi, ta haifi ɗa guda, sau ɗaya a shekara.

Ƙuduji

Yanzu mu sunkuya mu dubi na biyun. Ƙuduji tsiro ne wanda tsawonsa yakan kai gwiwa ko ya wuce kaɗan. Ganyensa sirara ne masu kaushi. Furensa tsakanin ja da shunayya yake, jere a kan tsinke, malam-buɗe-littafi kuwa yana sonsa ƙwarai. Gonar da ya cika, in ka hange ta daga hanya, sai ka ce lambun wani attajiri ne. Kyan ɗan maciji ke nan. Masana suna kiran danginsa Striga, Turawan Ingila kuwa suka ba shi sunan da ma'anarsa ita ce ciyawar mayu.

Irinsa ƙanana ne kamar ƙura. Tsawon ƙwaya ɗaya bai kai rabin milimita ba. Tsiro guda yana iya zub da ƙwaya 50,000 ko fiye, ƙwayar kuwa tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ruwan sama kaɗai ba ya sa ta tsira, gama ba ta da guzurin da zai kai ta ko'ina. Sai ta jiƙa ta yi kwanaki cikin ɗumi, sa'an nan ta jira alama. Alamar kuwa ita ce wani ɗan sinadari da saiwar dawa, da gero, da masara suke fitarwa cikin ƙasa. Da ƙwayar ta ji shi, ta san abinci yana kusa. Sai ta fid da 'yar saiwa, ta lalubi saiwar dawa, ta yi ɗan ƙullutu a jikinta, ta huda ta, ta haɗa kanta da jijiyoyin da suke kai ruwa sama. In ba ta sami saiwar kamawa cikin 'yan kwanaki ba, ta mutu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga ran nan dawa tana ciyar da baki biyu. Ƙuduji yakan yi fiye da wata guda a ƙarƙashin ƙasa, fari fat, ba ganye, yana tsotsa. Manomi ya yi noman fari, ya yi maimai, bai ga kome ba. Sai dai ya ga dawarsa ta tsugune, ganye ya yi rawaya, bakinsa ya bushe kamar an yi fari, alhali ƙasa a jiƙe take. Wanda ya ga irin wannan ƙuna ba zai tambayi dalilin sunan wuta-wuta ba. Ba abin mamaki ba ne kuma da waɗansu suka yi zaton sammu aka yi wa gonar, har zumunci ya ɓaci tsakanin maƙwabta a kan laifin ɗan tsiro.

Bayan ya fito sarari ma bai daina ba. Sauran tsire tsire, in rana ta yi zafi, sukan rufe 'yan ƙofofin da suke jikin ganyensu domin kada ruwa ya fita. Ƙuduji yakan bar nasa a buɗe, ruwa yana ta fita, shi kuwa yana ta janyo wani daga saiwar dawa. Sa'ad da furen nan ya bayyana, yawancin ɓarnar wannan shekara ta riga ta auku. Abin da furen yake shiryawa ɓarnar baɗi ce, da ta shekarun da suke biye.

Wake ma yana da nasa. Wani ɗan'uwan ƙuduji ne, gajere, mai rassa da yawa da ƙananan furanni. Na dawa ba ya kama wake, na wake kuma ba ya kama dawa.

A kan ma'auni

'Yan aji shida, ku ɗauko allo mu yi lissafi. Birinya tana haihuwar ɗa 1 a shekara. In ta yi shekara 10 tana haihuwa, 'ya'yanta 10 ke nan, ba kuwa dukansu za su rayu ba. Yanzu a ce mun bar ƙuduji 100 kaɗai suka yi iri a gona, kowanne da ƙwaya 50,000. Nawa ke nan? Miliyan 5. A ce cikin kowace 1,000 ƙwaya 1 tak ta sami saiwar kamawa. Ƙuduji 5,000 ke nan daga 100. Wanda ya ga gona irin wannan ya san 100 ba kome ba ne, gama taki goma kawai za ka yi ka ƙirga su.

Biri yana cin gefen gona, ƙuduji yana cin tsakiyarta. Biri yana zuwa sa'ad da amfani ya nuna, ya yi 'yan makonni, ƙuduji kuwa tun dawa tana ƙarama yake tare da ita. In ka kori biri yau, gonarka ta huta yau. In ka bar ƙuduji ya zub da iri sau ɗaya, ɗan da aka haifa maka bana zai gama firamare da sauran irin a ƙasa. Biri ba ya zuwa gonar da take nesa da jeji. Ƙuduji kuwa iska tana kai shi, ruwa yana kai shi, yana bin kofaton shanu da kashinsu, yana manne wa fartanya da garma, yana kuma shiga cikin irin shuka in an sussuke hatsi a ƙasa. Inda ya yi yawa, gonar da ta saba ba da dami 40 tana iya kasa ba da 10, har mai ita ya bar ta ya tafi neman wata. Ban taɓa jin jan biri ya kori mutum daga gonar gado ba, amma ƙuduji ya yi haka a ƙasashe da yawa na Afirka.

Akwai kuma wani bambanci. Biri yana biyan ɗan diyya, gama yana cin fara da waɗansu ƙwari, yana kuma baza irin itatuwa cikin kashinsa. Yawansa kuma raguwa yake yi. A 2020 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa jan biri cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga hatsarin ƙarewa. Dattawa da yawa za su gaya muku wuraren da dā ake ganin birai garke garke, yanzu ko ɗaya babu. Ƙuduji kuwa gaba yake ci. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Abin da ya haɗa su

Ko da yake ba su yi kama ba, abu ɗaya ne ya tura su cikin gonakinmu. Dukansu 'yan jeji ne. Biri yana da ƙaronsa da fararsa, ƙuduji kuma yana kama saiwar ciyawar jeji tun kafin a san noman masara a ƙasarmu. Da mutane suka yi yawa, aka yi ta sassabe, aka sare itatuwan ƙaya domin itacen wuta da gawayi. Biri ya duba, wurin da yake kiwo jiya ya zama gona yau. Ina za shi?

Haka kuma, dā manomi yakan noma wuri shekara uku ko huɗu, ya bar shi saura ya huta shekaru, ya koma wani. Yanzu ba filin yin haka. Dawa bana, dawa baɗi, dawa baɗin baɗaɗa, har ƙasa ta gaji. A nan ne wani abin mamaki yake. A 2005 masana a ƙasar Japan suka gano amfanin sinadarin nan da saiwa take fitarwa. Ashe kira ne. Akwai waɗansu ƙananan halittu cikin ƙasa, dangin naman kaza, masu kama da siraran zare, waɗanda suke taimakon saiwa ta sami abinci. Su ne dawa take kira. In ƙasa tana da taki, kiran kaɗan ne. In ƙasa ta gaji, dawa tana jin yunwa, sai ta ɗaga murya. Ƙuduji kuwa yana kwance yana saurare. Dawa ta kira aboki, ɓarawo ya amsa. Shi ya sa ƙuduji ya fi damun gonar matalauci wanda ba shi da shanu, ba shi kuma da kuɗin taki.

Abin da waɗansu suka yi

Ƙuduji ba gagara badau ba ne. A 1956 aka gano wani irinsa mai jan fure a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka. Ya bazu a fili fiye da eka 400,000. Gwamnati ta hana fitar da ƙasa da kayan noma daga wurin sai an tsabtace su. Suka kuma yi masa dabara. Tun da yake ƙwayar da ta tsira ba saiwar kamawa mutuwa take yi, sai suka riƙa hura wa ƙasa wata iska da ake kira etilin, irin wadda 'ya'yan itace suke fitarwa sa'ad da suke nuna. Ƙwayar ta ji, ta yi zaton masara ce, ta tsira, ta mutu da yunwa. Sun yi fiye da shekara 50 suna wannan aiki kafin suka rage shi ya zama ɗan kaɗan. Ku lura, ƙasa mai arziki irin wannan ma sai da ta yi haƙuri.

Mu ba mu da injin hura iska, amma muna da shuke shuken da suke yin aikin nan kyauta. Auduga, da waken soya, da gyaɗa suna fid da irin wannan kira, ƙudujin dawa ya tsira, ya tarar ba zai iya kama saiwarsu ba. Daga saiwar auduga ce ma masana suka fara ware sinadarin a 1966.

Sa'an nan akwai Gebisa Ejeta, mutumin Habasha, wanda aka haifa a wani ƙauye a 1950. Mahaifiyarsa ta ɗaura niyya sai ya yi karatu. Yakan yi tafiyar kilomita 20 da ƙafa ran Lahadi zuwa garin da makaranta take, ya komo gida ran Jumma'a. Da ya girma ya zama masanin dawa, ya yi aiki a Sudan, daga baya a Jami'ar Purdue a Amurka. Shi da abokan aikinsa suka fito da irin dawa wadda saiwarta ba ta cika yin kiran nan ba, saboda haka ƙuduji ba ya samunta da sauƙi. A 2009 aka ba shi Lambar Abinci ta Duniya. A nan gida ma, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, sun fito da irin masara da na wake masu jure wa ƙuduji. Iyaye, ku yi tunani a kan yaron nan na Habasha. Da an ajiye shi a rumfar tsaro yana kaɗa gwangwani, wa zai yi wannan aiki?

Abin da za mu yi

Na fari, kada a bar ƙuduji ya yi iri. Da an ga fure, a tumɓuke shi kafin kwanso ya bushe. Kada a yar da shi a kunya, gama wanda aka cire da fure yana iya ƙarasa nuna a ƙasa. A tara shi a buhu, a kai wuri guda a ƙone. Gaskiya ne cirewar ba za ta komo da dawar bana ba, shi ya sa mutane da yawa sukan ce aikin banza ne. Amma gonar shekaru masu zuwa ake ceto. Bayan an yi girbi ma a sake zagayawa, domin yakan ci gaba da fure a gindin kara.

Na biyu, a yi shi tare. In ka cire naka, maƙwabcinka ya bar nasa, iska za ta raba muku daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda ake kiran gayya domin huɗa, a kira ta domin ƙuduji, ran Asabar, yara da manya.

Na uku, a ciyar da ƙasa. Takin shanu, da na awaki, da tokar murhu, da sharar gida da ta ruɓe, da takin zamani in da hali. A riƙa juya shuka, inda aka yi dawa bana a sa waken soya ko gyaɗa ko auduga baɗi. A nemi malamin gona a tambaye shi irin da yake jure wa ƙuduji wanda ya dace da yankinku. Irin shuka kuma a yanke zangarniyarsa daga gona mai tsabta, a sussuke a kan tabarma.

Game da biri kuwa, a tsare shi, amma da tsari. Masu gonaki a bakin jeji su raba kwanaki tsakaninsu, mutum ɗaya da kare ya isa ya duba gona uku ko huɗu. Manya su riƙe safiya, yara su karɓe su bayan an tashi daga makaranta. Kada a sa guba, gama kare da ungulu da akuya ba su san domin biri aka sa ba. Kada kuma a sayi ɗan biri a ɗaure shi da igiya a tsakar gida. Sau da yawa sai an kashe uwar kafin a sami ɗan, in ya girma kuma cizo yake yi. In da sauran ɗan kurmi ko tudu mai itatuwa kusa da ƙauyenku, a bar masa shi. Birin da yake da ƙaro a jeji ba kullum zai zo gona ba.

Yara, ga aikinku na wannan wata. Ku roƙi baba izini, ku sami gindin dawa ɗaya wanda ƙuduji ya fito kusa da shi. Ku tone a hankali da tsinke, kada ku ja, ku zuba ruwa ku wanke saiwar. Ku nemi ɗan ƙullutun nan inda saiwa biyu suka haɗu. Ku ƙirga kuma fararen 'ya'yan ƙuduji nawa ne suke manne a ƙasa waɗanda ba su fito ba tukuna. Ku nuna wa baba da mama, ku zana abin da kuka gani a littafinku, sa'an nan ku rubuto mini adadin da kuka samu da sunan da ake kiran wannan tsiro a harshenku. Zan kawo amsoshinku a wannan fili.

Allah ya ba mu kaka mai albarka. Sai wata mai zuwa.